Tukunyar Malama Regina

Ranar Talata Malama Regina ta hau motar farko daga Gwantu zuwa Kafanchan, da gorunan roba biyu a cikin jakar da take zuwa coci da ita. Gora ɗaya daga bakin famfon bohol ɗin ƙauyensu ta cika ta. Ɗayar kuma daga tukunyar gidanta, ruwan da ta tafasa da hannunta. Ta liƙa wa kowace takarda, ta rubuta suna da kwanan wata da irin rubutun da ta yi shekara talatin tana yi a allon firamare.

Likita ne ya ce ta kawo. Makon da ya gabata ta kai masa jikarta Dinah, 'yar shekara tara, wadda gwiwoyinta suka karkata ciki suna gugar juna, har tafiya makaranta ta gagare ta. Ya ɗauki hoton ƙashi, ya sa yarinyar ta buɗe baki, ya daɗe yana kallon haƙoranta da suka yi ja kamar na tsoho mai cin goro. Sannan ya tambayi irin ruwan da suke sha. Regina ta ji haushin tambayar.

A duk ƙauyen babu wanda ya kai ta kula da ruwa. Shekara goma sha biyu da suka wuce, amai da gudawa ya kashe mutum tara cikin mako biyu, har da autanta Justin. A lokacin kowa daga rafi yake sha. Bayan makoki ita ce ta miƙe a taron zumuntar mata ta ce kowace mace ta ware kunya biyu a gonar cittarta. Da cittar damina biyu aka kira masu injin haƙa. Sai da suka huda dutse mita tamanin kafin ruwa ya feso, fari tas, mai sanyi, ba wari. Fasto ya yi addu'a ya sha kofin farko, mata suka rangaɗa guɗa. Babu wanda ya kawo zancen gwaji. Ana ganin gindin bokiti ta cikin ruwan.

Regina ba ta tsaya a nan ba. Ta sayi ƙatuwar tukunyar ƙarfe, ta ja layi biyu a cikinta da ƙusa, faɗin yatsu huɗu a tsakani. Dokarta ita ce ruwa ya yi ta tafasa har ya sauka daga layin sama zuwa na ƙasa. Abin da ya rage ba a zubarwa, washegari a ƙara sabo a kai a mayar wuta. Sauran mata sun bi dokar na 'yan watanni, suka gaji da neman itace, suka koma shan ruwan famfo yadda ya fito. Ita ba ta fasa ko rana ɗaya ba. Da 'yarta Selina ta samu aiki a Abuja, ta yaye Dinah ta kawo ta ƙauye, ta ce a hannun Mama ba abin da zai same ta.

Ɗan ƙaninta Bartholomew yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Kafanchan. Ya karɓi gorunan da ƙarfe tara. Ta zauna a benci har ƙarfe biyu, sannan ya fito da takarda a hannu.

"Mama, zo ciki ki zauna."

"A zaune na wuni, Batho. Faɗa mini a nan."

"Babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Ta wannan gefen ruwanku ya fi na garin nan. Amma akwai wani sinadari, fuloraid. Daga jikin dutse yake narkewa ya shiga ruwa. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Kaɗan ɗinsa yana gyara haƙori. In ya yi yawa sai ya ɓata haƙorin, ya shiga ƙashi. Bai kamata ya wuce ɗaya da rabi ba. Na famfonku shida ne."

Regina ta gyaɗa kai. "Shi ya sa nake tafasawa. Karanta mini ɗaya gorar."

Ya dubi takardar, ko da yake ya san abin da ke ciki. "Sha ɗaya da ɗigo huɗu."

"Ka juya gorunan."

"Rubutunki ne a jiki, Mama. Sau biyu na maimaita."

"To injinku ya lalace. Wuta tana kashe komai."

"Tana kashe abin da yake da rai. Wannan ba shi da rai." Ya tsuguna a gabanta. "In kika bar miya ta daɗe a wuta, gishirinta raguwa yake yi ko ƙaruwa?"

Ta tuna yaran ƙauyen ɗaya bayan ɗaya, kamar tana kiran suna a aji. Kusan duk wanda aka haifa bayan bohol yana da tabo a haƙori, mutane suna cewa gado ne. Wadda ƙafarta ta lanƙwashe ɗaya ce.

"Ƙafar za ta miƙe?"

"Likita ne zai ce. Haƙoran dai sun tafi ke nan. In ta daina sha daga yau, wataƙila ƙashin ba zai ƙara lalacewa ba."

"Ta sha me?"

"Ruwan sama, in an tara a tanki mai murfi."

"Fabrairu muke ciki, Batho."

"Na sani, Mama."

Ta tambaye shi batun ruwan leda. Ya ce bai san daga wane bohol masu yi suke ɗiba ba, sai an gwada su ma. Ya ce akwai matatar da ake haɗawa da gawayin ƙashi, amma a littafi ya karanta, bai taɓa ganin ta da idonsa ba. Ya yi alkawarin tambaya. A mota wayarta ta yi ƙara sau uku. Selina ce. Ba ta ɗauka ba.

Ranar Lahadi, bayan sujada, ta nemi izinin yin sanarwa. Ta tsaya a gaban jama'a ta karanta lambobin, ta yi bayanin gishiri da miya, ba ta rage komai ba. Ta ce duk wadda har yanzu take bin dokar yatsu huɗu ta daina yau.

Daga bencin mata Scholastica ta ce, "Wa ke bi? Ke kaɗai ce, Malama. Ashe ragwancinmu ne ya cece mu!"

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye ta da suka ga Dinah zaune a bakin ƙofa, ƙafafunta a miƙe.

Tamar, wadda take goye da jariri, ta miƙe. "Malama, shekara goma kina zaginmu a kan ruwa. Kin fasa mini randa da sanda don na ɗebo na rafi. Yanzu kin ce famfo ma guba ne. To ni me zan dama wa yaron nan koko da shi?"

"Ban sani ba."

"Ke ce ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, Tamar."

Baba Kumai, dattijon coci, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce yana nan lokacin da aka binne mutum tara, shi ya haƙa kabari uku a ciki. Ya ce tun da aka buɗe famfon ba a sake binne yaro don gudawa ba.

"'Yata, wannan abin naki cikin shekara nawa yake kashe mutum?"

"Ba ya kashewa da sauri, Baba. Lanƙwasa ƙashi yake yi."

"Na rafi kwana biyu ne." Ya juya ga jama'a. "Ba za a kulle famfo ba. Sakatare ya rubuta wasiƙa a nemi taimako. Fasto ya sa mu a addu'a."

Aka yi addu'ar. Kafin Regina ta iso gida, layin jarkoki ya kai gindin mangwaro kamar kowace Lahadi.

Da asuba ranar Litinin ta sauke tukunyar, ta zubar da ruwan a bayan gida. Shi ne karo na farko da ta ga gindinta a bushe. Ta ɗauki bokiti ta kama hanyar rafi, hanyar da ta yi shekara goma ba ta taka ba. Ta yi lissafi a hanya: ruwan rafi yana da ƙwayar cuta, ƙwayar cuta tana mutuwa a wuta. Tafasa ɗaya ta isa.

Rani ya mayar da rafin kududdufai, siririn ruwa yana haɗa su. Sawun shanu ya dagula bakin na farko. A na biyu ta tarar da Meshak, tsohon ɗalibinta mai noman tumatir, ya tsoma tankin feshinsa cikin ruwa yana girgizawa. Wani farin abu kamar madara yana fita daga bakin tankin yana bin ruwa. Kwalaben maganin ƙwari uku suna yashe a kan yashi.

"Malama! Yau ke ce a rafi? Lafiya dai?"

"Kullum a nan kake wanke wannan?"

"Duk masu lambu a nan muke wankewa, har can sama wajen gada. Ruwa yana tafiya da shi ai." Ya yi dariya. "Wa ke shan rafi yanzu? Ke kika hana mu."

Ta haura sama. Ta wuce lambu huɗu, a bakin kowane akwai kwalabe. A wuri ɗaya ƙananan kifaye sun juya ciki sama a gefen ciyawa. Da rana ta yi zafi ta juyo da bokitin yadda ta tafi da shi.

A bakin famfo ta shiga layi. Matan suka buɗa mata hanya. Ta tara rabin bokiti.

Dinah tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki. Tun jiya da yamma ba ta sha komai ba sai lemu biyu da kakarta ta matse mata.

"Kaka, ƙishi."

Regina ta ɗebo kofi ɗaya daga bokitin ta miƙa mata. Shida ya fi sha ɗaya sauƙi, iyakar abin da ta iya cewa a ranta ke nan. Yarinyar ta kalli kofin, ta kalli murhun da ba wuta, ta mayar da hannuwanta baya.

"Ba ki tafasa ba."

"Sha haka."

"A'a. Ke kika ce wanda ya sha ɗanye zai mutu kamar Kawu Justin."

"Na yi kuskure. Sha."

"Gwada ni kike yi, na sani. Ba zan sha ba."

Regina ta daɗe a tsaye da kofin. Leɓen yarinyar ya bushe ya tsage. A ɗaki waya ta fara ƙara. Ta dubi sama, babu ko ɗigon gajimare, kuma da sauran wata biyu kafin ruwan farko.

Ta jawo tukunyar ta ɗora a murhu, ta juye bokitin a ciki, ta hura wuta. Dinah ta matso da jan gindi ta leƙa.

"Kaka, bai kai layi ba. Ki ƙaro."