Banda Hausa a Sukuu

Mahbuba mai koko ba ta taɓa zama a aji ba, kuma abin yana cin ta har gobe. Duk sanda ma'aikatan ofis suka tsaya gaban tukunyarta a unguwar Tishigu suna zuba Turanci, sai ta yi ta murmushi kamar tana fahimta, zuciyarta kuwa na ƙuna. Shi ya sa ranar da ta fara kai 'yarta Samiratu makarantar ƙananan yara, ta tsugunna a bakin get, ta gyara mata kwalar riga, ta ɗan ja mata kunne.

"Nan sukuu ne, ba gida ba. Banda Hausa. In na ji kin yi Hausa a ciki, ni da ke ne."

Samiratu, wadda ba ta daɗe da cika shekara uku ba, ta gyaɗa kai. Mahbuba ta koma kan sana'arta tana jin ita ma ta shiga sahun iyayen zamani. Ko kaɗan ba ta tambayi kanta da wane harshe yarinyar za ta yi magana ba, sai ka ce Turancin a ludayi ake ɗebo shi a ba yaro ya sha.

Ba a jima ba yarinya ta fara dawowa gida da jiƙaƙƙen siket. Wannan fa ita ce Samiratun da ta daɗe da barin fitsarin kwance, wadda surutunta ke hana 'yan gidan haya sauraron rediyo. Da farko Mahbuba ta yi faɗa. Da abin ya zama na kullum, ga yunifom ɗaya tal, ga wanki bayan ta gama gajiya da wuta, sai hannu ya fara shiga.

"Ba ki da baki ne? Ba za ki ce ma madam kina jin fitsari ba?"

Yarinyar sai ta sunkuyar da kai tana kuka. Mahbuba ta ɗauka taurin kai ne, har tana cewa na dangin uban ne.

Wata safiya Madam Azeta, malamar ajin, ta ce tana son ganinta in ta sami sarari. Da koko ya ƙare Mahbuba ta kife tukunya ta tafi, tana shirya haƙurin da za ta bayar. Ta tarar ana tsakiyar waƙa, don haka ta raɓe a jikin taga. Yara na tafi suna taɓa kai da kafaɗa da gwiwa. Daga nan aka jera su gaban bokiti mai famfo suka wanke hannu, kowa ya buɗe ɗan kwanonsa, mai taimaka wa malama tana shimfiɗa tabarmin barci a ɗaya gefen. Ajin ya cika da hayaniya. Wasu na Dagbanci, yaren garin, wasu na wani abu da suke zaton Turanci ne. Can wani ɗan duma-duma ya ja rigar malama ya ce da ƙarfi, "Madam, kashi!" Ba wanda ya ko harare shi, aka kama hannunsa aka fita da shi.

Mahbuba ta ƙara matsowa jikin tagar. Ta nemi 'yarta da ido, ta hango ta a ƙarshen benci, ta matse ƙafafu, kwanon shinkafarta a rufe.

Madam Azeta ta fito tana goge hannu. Badagomba ce, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji.

"Maman Samiratu, ki yi haƙuri na taso ki. Yarinyanki tun da ya zo bai ce komai ba. Na yi mishi Dagbanci, na yi Hausa, na yi Turanci, ido kawai. Ko ruwa ba ya tambaya. Jiya wani ya taka mishi hannu, hawaye ya yi ta zubawa, ba sauti. Ina ga ki kai shi asibiti su duba kunne."

Mahbuba ta ce, "Madam, dama ana Hausa a nan?"

Malamar ta yi dariya. "Wane yaro ne zai zo da Turanci daga ciki? Kowa da abin da ya kawo daga gida. Turanci kaɗan-kaɗan yake shiga, a waƙa, a wasa."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Mahbuba. Ita ce ta ɗinke bakin yarinyar, ita ce kuma ke jiran ta da yamma ta dake ta don ba ta yi magana ba. Ta tuna yadda Samiratu ke kare fuska da hannu tun kafin a taɓa ta, ta ji ta tsani kanta.

Ta cire takalmi ta shiga ajin, ta tsugunna gaban 'yarta.

"Samira, faɗa mini me kike so. Yi Hausarki, na yarda."

Yarinyar ta kalli fuskar uwarta, ta kalli hannunta, kamar mai tsoron tarko ne. Ta sauko daga benci a hankali, ta kama yatsan Mahbuba ta ja. Suka wuce tabarmi, suka wuce bokiti, suka ratsa tsakar makarantar, tana tafiya ƙafafu a matse. Mahbuba ta nuna mata bayan gida, ta ƙi tsayawa. Sai da suka fita get, ƙafarta ta taka titi, sannan ta ɗaga kai.

"Mma, fitsari nake ji," ta ce. "Amma ban yi Hausa a ciki ba. Tambayi madam."