An Bar Maka Laraba

"A'a, ba nan ba! Ku ja bencin gaba, a nan baƙin Bagudo za su zauna."

Tun da hantsi Bunyaminu yake kai-kawo a tsakiyar kasuwar Tungar Goggo, babbar riga tana zamewa daga kafaɗarsa yana mayarwa. An share ko'ina, an yayyafa ruwa, har gindin itatuwa an shafa wa farar ƙasa. Yau ce Litinin ta farko da kasuwar za ta ci, bayan tun kaka da kakanni Laraba aka sani. Kuma wannan aikin ba na kowa ba ne sai nasa, shi da yake shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa.

Dalilinsa ba abin raini ba ne. Tungar Goggo a bakin iyaka take, kana tsallake fadama ka shiga ƙasar Benin, ga kasuwar tsallake nan a gabanka. Ita ma ran Laraba take ci, ta kuma fi tasu shinkafa da atamfa da gishiri, don haka duk mako sai ta kwashe jama'a ta bar su da ƙudaje. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a daminar nan, aka kira shugabannin kasuwanni taro a Birnin Kebbi. Bunyaminu ya tafi da hula ɗaya, ya dawo da sababbin kalmomi cike da baki: sabuwar jiha, sabon tsari, hangen nesa. Wannan hangen nesan kuwa, ko ruwa zai sha sai ya ambace shi. Ya kafa kwamitin shara, kwamitin shela, kwamitin tarbar baƙi, har mutanen ƙungiya suka ƙare aka koma sa mutum a biyu.

Ma'azu mai hatsi ne kaɗai ya ƙi. Bai kawo wata hujja ba, cewa kawai ya yi a bar Laraba inda aka gan ta. Da gardama ta yi zafi dattawa suka raba: a gwada Litinin, amma duk ranar da kasuwa ta koma Laraba, kujerar shugabanci ta koma hannun Ma'azu. Bunyaminu ya amsa da bakinsa a gaban liman, har yana murmushi.

Sai ya kafa doka biyu. Ta farko, kada kowa ya kai labari tsallake kafin a yi shela. Ango, shugaban kasuwar can, abokinsa ne tun suna kama tarwaɗa a fadama, amma da ya yi ta aikowa yana son su gana, Bunyaminu ya ce a ce ba ya nan. Leƙen asiri ne, in ji shi. Ta biyu, duk wanda ya kawo maganar karya gwiwa a cire shi daga kwamiti. Ifeanyi mai kemis ne ya fara ɗanɗana ta, don kawai ya tambaya ko an ji ta bakin Fulanin daji. Daga nan kowa ya iya bakinsa. Ana yin shela a Larabar ƙarshe, shugaba ya kama hanya, Bahindi, Bagudo, har Kamba, yana gayyatar direbobi da dillalai. Sai jiya da yamma ya dawo, duk wanda ya tambaya kuma amsa ɗaya ce: "Komai lafiya lau, Shugaba."

Rana ta ɗaga. Baƙin Bagudo sun shanye kunun zaki sun fara duban agogo. Mahauta sun yanka sa, sun rataye, suna kore ƙuda. Kikelomo mai atamfa ta shimfiɗa kayanta kala-kala, ta zauna ta yi tagumi. Mota ta shigo daga Kamba, Bunyaminu ya nufe ta da fara'a, sai ya ga fasinjojin sun sauka sun bi hanyar fadama. Can ga 'yan matan Fulani ɗauke da ƙoren nono, su ma ko waiwaye ba su yi ba.

Ya kira shugaban kwamitin shela gefe.

"Ina mutanen ga za su?"

"To, Shugaba, ƙila dai zagayowa za su yi."

"Zagayowa ta ina? Ta Kwatano?"

Mutumin ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa. Ifeanyi, da yake jingine a ƙofar shagonsa, ya yi gyaran murya.

"Shugaba, ni tunda an riga an cire ni, ina iya magana?"

"Faɗi, mi ne ne?"

"Hau babur ka leƙa tsallake. In na faɗa da bakina za ka ce karya gwiwa ne."

Bunyaminu ya hau babur. Bai kai ga fita daga fadama ba ya fara jin gunjin kasuwa, irin wanda kunnen ɗan kasuwa ba ya ɓatan kai a kansa. Inna lillahi! Kasuwar tsallake ta cika ta batse, ran Litinin. Ga direbobin da ya bi har gida ya roƙa, suna sauke kaya. Ga dillalan Bahindi da suka ci goronsa. Ransa ya ɓaci har idonsa ya rufe, ya jingine babur ya kutsa yana neman Ango, ya riga ya shirya kalmar da zai fara jefa masa, wato maci amana.

Ango ne ya fara ganinsa. Ya taso daga rumfa da ƙaton tumbinsa, ya rungume shi.

"Ɗan Tunga! Sai yau? Kai wane irin mutum ne, ina aike kana ɓoyo?"

"Ka kyauta, Ango. Wa ya kawo maka labarin Litinin ɗina?"

"Litinin ɗinka?" Ango ya sake shi ya ja da baya. "Wallahi ka ban haushi. Tun bara nake ganin kasuwarku tana mutuwa, raina ba daɗi. Matata 'yar garinku ce, kullum da zancen nake kwana. Na ce to, mu da muka fi ƙarfi mu matsa. Ka san abin da na sha wurin tsofaffinmu? Saura kaɗan su tuɓe ni. Sai da na rantse masu ba za a sake taɓa ranar ba muddin ina raye. Na aika ka zo mu tsara tare, aka ce ba ka nan. Na sake aikawa, ba ka nan. Na ce bari dai in yi shela, ya ji daga sama ya yi murna. Laraba na bar maka, ita kaɗai, ba mai raba ka da ita!"

Bunyaminu ya mayar da babbar rigarsa da ta zame daga kafaɗa.

"Da muka ji kai ma ka yi shelar Litinin," Ango ya ci gaba, "na tura ƙanena da gudu. Mutanenka suka ce ka yi tafiya, kuma wai su ba su karɓar irin wannan saƙon. Wace irin ƙungiya ce wagga da ba ta karɓar saƙo?"

"Mai tsari ce," in ji Bunyaminu, da ƙyar. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

A hanyar dawowa bai yi gudu ba. Lissafin a fili yake. Laraba tana nan fanko, kowa ya san ta, daga Fulanin daji har direbobin Kamba, kuma karon farko ba kishiyar kasuwa a ranar. Abin da ya yi ta hanƙoro ke nan. Sai dai Laraba da kujera ba su haɗuwa a hannunsa.

Ya tarar baƙin Bagudo sun tafi. 'Yan kwamiti suka kewaye shi, duk sun san abin da ya gano, tun kwanaki suka sani. Shugaban kwamitin shela ya matso ya rage murya.

"Shugaba, ai da mafita. Dattawa Laraba suka ce. Mu koma Asabar mana, kujera tana nan inda take."

Bunyaminu ya ji daɗin maganar, ba ƙarya, har ya fara auna ta. Sai idonsa ya kai kan mahauta, suna sauke naman da ba wanda ya taya. Kikelomo tana ninke atamfofinta ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko dube shi ba. Asabar kuma sai an sake bin direbobi, an sake koya wa Fulani, an sake yanka wani san na gwaji.

"Kira min mai shela," ya ce.

Mai shela ya zo da gangarsa. Bunyaminu ya faɗa masa abin da zai faɗa, ya sa shi ya maimaita. Daga nan ya shiga rumfar ƙungiya, ya ɗauko kujerar shugaba ta ƙarfe da kansa, ya ratsa kasuwa da ita a ka, ya dire ta gaban Ma'azu, wanda tun safe yake kishingiɗe a kan buhunan gero yana sakace.

Kafin ganga ta kai bakin masallaci labari ya gama gari: tsallake sun bar Laraba, Tungar Goggo ta koma ranarta, ita kaɗai za ta ci. Jama'a suka yi ta tururuwa wurin Ma'azu, da 'yan kwamiti a sahun gaba.

"Kai, Malam Ma'azu! Ashe ka san abin da kake yi da ka ce a bar Laraba!"

Ma'azu ya gyara zama a kujerar, ya cire tsinke daga bakinsa.

"Ba wani abu ba ne," ya ce. "Hangen nesa ne kawai."