Zoɓon Salome

A sashensu Salome a jami'a akwai wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba: ranar kare furojet, wato binciken kammala karatu, ɗalibai ne ke ciyar da malaman da za su yanke musu hukunci. Kuraye, ka ga, ba sa zaman shari'a da yunwa.

Binciken Salome a kan zoɓo ne. Uwarta na sayar da shi a kasuwar Sabon Gari, kuma duk ranar da aka ɗauke wuta sai ya yi tsami a zubar. Salome ta kwashe watanni a ɗakinta na haya a Bomo tana gwada kanumfari da citta, har ta gano haɗin da ke riƙe zoɓo ba firij. Ranar karewa ta kawo robobin gwajin zuwa jami'a a Samaru, ta ajiye a bakin ƙofar zaure, ta tafi neman majigi.

Kafin ta dawo, Cornelius, shugaban aji, ya jera su kusa da kaji da cincin. An shanye. Roba ɗaya ta tsira, wadda da gangan ba ta sa wa komai ba, ta kumbura tana wari.

"Cornelius, makaho ne kai? Ba ka ga takarda a jiki ba?"

"Haba 'yar'uwa, na ɗauka gudummawarki ce!"

Aka kira sunanta. In ta faɗi yau, sai baɗi. Farfesa Adebayo, baƙon mai jarrabawa, ya buɗe robar da ta rage, ya toshe hanci.

"Wannan ruɓaɓɓen abu ne sakamakonki? Ina sauran?"

Malamin da ya duba aikinta ya sunkuyar da kai, jan zoɓo a leɓensa.

"Suna cikinka, ranka ya daɗe," in ji ta. "An ce har ƙari ka nema. Watansa guda a ɗakina, ba wuta, ba ƙanƙara. Ka ji tsami?"

Farfesa ya dafa tumbinsa, ya saurara, bai ji komai ba. Ya ja alƙalami.

Ta ci, amma da maki mafi ƙanƙanta a ajin. Wai ba ta da ladabi. Cornelius, wanda ya raba kaji, shi ya zo na ɗaya.