Motar Malam Aliyu a Sri Petaling

Hajiya Bintu ta zo Kuala Lumpur ne wankan jegon 'yarta Murja, kuma sati uku ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Ranar wata Lahadi da hantsi surukinta Muntasir, wanda ke digiri na uku a injiniyanci, ya lallaɓa ta su je Sri Petaling, inda masu tsofaffin motoci ke taruwa gaban wani gidan cin abinci irin wanda ake kira mamak. Don kunyar suruki kawai ta bi shi.

Tana tafe tana kallon motocin sama-sama, sai ta ja ta tsaya. Can gefe, nesa da sauran, ga wata koriyar mota marar rufi, gajera, mai kujera biyu.

"Irin ta Malam ce," ta ce a hankali. Marigayi mijinta, Malam Aliyu, ya sayi irinta a hannun wani Bature da zai bar aikin kuza a Bukuru, shekarar da aka yi aurensu.

"Hajiya, ai wannan ba ta asali ba ce," in ji Muntasir. "Kwaikwayo ce, injinta ma na Japan ne. Shi ya sa kuka ga sun ware ta gefe."

Ta ɗora hannu a kan ƙofar. Mai motar, wani dattijo ɗan Sin mai suna Teoh, wanda ya shekara shida yana harhaɗa ta a bayan gidansa, ya matso. Da Muntasir ya yi masa bayani, sai ya buɗe mata ƙofa yana cewa, "Boleh, boleh," wato ba komai, ta shiga. Sannan ya roƙi a tambaye ta ko motar ta yi kama da ta Malam.

Hajiya ta zauna, ta jawo ƙofar. "Gaya masa tasa ta fi ladabi. Tamu sai ka ɗaga ƙofar da gwiwa kafin ta rufu. In muka kama hanyar Pankshin kuwa, zafin inji har ta cikin takalmi yake gasa mini ƙafa."

Muntasir yana fassarawa, masu motocin asali suka fara matsowa. Yawancinsu ba su taɓa kai nasu ko'ina ba sai wajen baje koli. Wani ya tambaya ina motar take yanzu.

"Injin mun sayar wa mai niƙa a Bukuru. Gangar jikin kuma kajina sun yi ƙwai a ciki shekara da shekaru."

Mutumin ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, abin da Muntasir bai taɓa gani ba.

Teoh ya zaga da ita unguwar sau biyu, tana riƙe da mayafinta da hannu ɗaya. Da ta sauko ta yi masa godiya, ta ce abu ɗaya ya rage, motar ba ta warin fetur.

A gida ta karɓi jaririyar, ta zauna tana ba Murja labarin ranar da motar ta mutu musu a hawan Kwol, Malam ya ce ta riƙe sitiyari shi ya tura, alhali ba ta taɓa tuƙi ba. Murja ba ta taɓa jin wannan labarin ba. Ta ajiye wankin da take yi, ta zo ta zauna.