Ɗalibar Malam Liao ta Ƙarshe

"Ba nan ba, Yaya Pi-yun! Koren za ki danna, koren!"

Pi-yun ta sa yatsa ta danna jan, hoton tukunyar ya ɓace ɓat daga fuskar wayar. Malam Liao ya mayar da kansa kan matashi ya rufe ido, sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya yi magana.

"Shekara shida ina koya miki abu ɗaya. A-Kun mai gyaran babur, wanda da ƙyar yake rubuta sunansa, kwana biyu ya yi ya iya."

"Ƙwaƙwalwar kifi gare ni, Malam. Shekara talatin ina dafa shi, ai dole ya rama. Buɗe baki."

Cokali biyu ya sha na romon, ya kau da kai.

Shago goma sha huɗu ne a layinsu na bayan kasuwar kifi a birnin Tainan na ƙasar Taiwan, kuma babu wanda ba Malam Liao ne ya buɗe masa shafi a intanet ba. Da ya bar aiki a Taipei ya dawo gidan iyayensa, ya tarar layin ya yi tsit, masu shago sai hamma da korar ƙuda. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kwamfutarsa a hammata, yana faɗa yana gyara. Shafin Pi-yun bai da wani tarkace: kowace safiya hoton tukunya, da irin kifin da aka samo, da layi ɗaya na gaisuwa. Amma saboda hoton nan har daga Kaohsiung mutane ke hawo jirgin ƙasa su zo shan romo da shinkafa.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi, likitoci suka ce a koma da shi gida. Bai yi wani kuka ba. Takarda ya sa aka ba shi, ya jera sunayen shagunan, ya riƙa kiran masu su yana damƙa wa kowa kalmar sirrinsa, yana sa shi ya gwada a gabansa. Wanda ya iya, sai ya ja wa sunansa layi. Goma sha uku sun sha layi, saura Pi-yun, wadda har yanzu kullum sai ta ɗauki hoton ta haye benensa da wayar, shi ya ɗora mata.

A matakala 'yarsa Hui-chun ta tare ta, ta karɓi kwanon.

"Inna, don Allah ki daure ki koya. Ba ya samun natsuwa. Cewa yake ranar da ya tafi shafinki zai tsaya, mutane su ɗauka kin rufe."

"To, 'yar nan," in ji Pi-yun, ta sauka da sauri kada a ga fuskarta.

Abin da Hui-chun ba ta sani ba, Pi-yun ta iya. Tun watan farko ta iya, ko idonta a rufe za ta ɗora hoton. A shekarar ne matar Malam Liao ta rasu, mutumin ya kulle kansa a bene, ya daina cin abinci, har wandonsa ya soma zamewa. Abu ɗaya ne kawai ke sauko da shi ƙarfe shida na safe, tsoron kada Pi-yun ta lalata masa aiki. Ita kuwa da ta gane haka sai ta zama daƙiƙiya, kuma ta yi daƙiƙancin tsakani da Allah. Ya zo ya ɗauki hoto, ya yi mita, ya zauna a kujerar gindin ginshiƙi ya share kwano guda. Haka suka yi shekara shida, kuma ba ta taɓa jin daɗin zagi irin nasa ba.

Yanzu tsoro take ji. Gani take sunan nan nata da bai sha layi ba shi ne ɗan zaren da ke riƙe da shi. Duk yinin ranar tana zuba wa mutane romo tana saƙa da warwara, har ta ba wani mutum kan kifi alhali ciki ya nema. Ta tuna yadda yake karɓar wayar da ƙyar, da yadda yake cije leɓe kafin ya samu harafi ɗaya. Sai kunya ta kama ta. Riƙe shi take yi don kanta, shi kuwa a gajiye yake.

Washegari ta haye da kwano da waya. Ya miƙo hannu zai karɓa, ta janye.

"Kwanta ka gani."

Ta zauna a bakin gado, ta karkato wayar yadda zai hanga. Ta shiga shafin, ta zaɓi hoton, ta gyara masa gefe, ta rubuta cewa yau an samu kifi mai kitse, ta danna koren. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Sannan ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

Dariya ta ji, 'yar siririya, mai haɗe da tari.

"Me ya ba ka dariya, tsohon nan?"

"Shekarar babbar guguwa, ina asibiti ana mini aikin ido. Wa ya shiga ya rubuta an rufe shago sai iska ta lafa?"

Pi-yun ta kife wayar a kan gado.

"Shafi yana ajiye sunan duk wanda ya shiga, Yaya, da ranar da lokacin. Ko kuskuren harafi ɗaya ba ki yi ba."

"Au! Ka sani, ka bar ni ina ta wauta a gaban mutane? Har A-Kun yana mini dariya?"

"To da na faɗa, da wane dalili zan sauko?"

"Shi ne ka tayar wa 'yarka da hankali kan shafina?"

"So nake ki yi a gabana. Ba na son in tafi da saura a takarda."

Ta ɗaga cokali kamar za ta ƙwala masa, sai hawaye ya riga ta. Ya nemi takardar, ta riƙe masa ita a kan gwiwarta, ya ja layin a karkace. Ya sake duban hoton ya tsuke baki.

"Ta hagu ake tsayawa, hasken taga ya bugi tururin. Sau nawa zan faɗa?"

Ranar ya sha rabin kwano, ya yi barci har rana ta take tsaka.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, rai ya yi halinsa, Hui-chun na gefensa. Aka kafa rumfa a layin, masu shago suka yi ta kai da kawo da turare da fararen furanni. Cikin kayan takarda da bisa al'adarsu ake ƙona wa mamaci don ya same su a can, A-Kun ya kawo kwamfutar takarda, har da 'yar jakarta.

"Can ma ba zai zauna ba," ya ce yana share hanci. "Kafin mu iso ya buɗe wa kowa shafi."

Pi-yun ce ta rubuta sanarwar rasuwar a nata shafin, layi biyu. Sauran goma sha ukun suka zo ta duba musu nasu, A-Kun na kallon yatsunta baki buɗe, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Ranar da ta sake buɗe shago, ƙarfe shida ta ɗaga murfin tukunya. Hannunta da kansa ya zuba kwano na farko ya ajiye a gaban kujerar gindin ginshiƙi, sai da ta juyo ta lura. Ta bar shi a wurin. Ta koma ta hagu, ta jira tururi ya shiga hasken taga, ta ɗauka. A gefen hoton kujerar ta fito, da kwanon, da cokali a jingine. Ta kai yatsa za ta yanke gefen, ta tsaya, ta goge hannu a zanin gabanta, ta danna koren.