Bakwai Ta Koma Talatin da Huɗu

Shekara ashirin da shida Merv Haddrick ya yi yana tuƙa motar kwana-kwana ta ƙauyen Tarnawil. Aikin sa-kai ne, kiwon tumaki ne sana'arsa. Motar kuwa Bakwai kowa ke ce mata.

Sai ga takarda daga hedikwatar gunduma. An haɗe ƙauyuka tara ƙarƙashin tsari ɗaya, an sake wa motoci lamba, Bakwai ta koma Talatin da Huɗu. Can ƙasan takardar aka ce duk direban da likita bai gamsu da idonsa ba, ya koma ɗakin rediyon da ake magana da motoci. Merv ya san da shi ake. Aka miƙa makulli ga Sela Fifita, 'yar ƙasar Tonga mai aiki a mayankar gari, wadda shekararta uku kacal a ƙungiyar 'yan kwana-kwanan.

"Kawu Merv, fito ka ga sabon fenti mana," in ji Sela ranar da aka rubuta lambar.

"Da wane idon? Ba kun ce na makance ba?"

"Likita ya faɗa, ba ni ba."

Kowa ya yi dariya ban da shi. Wata guda yana zuwa taro yana tafiya, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Wata Asabar cikin zafin Janairu, wanda a can shi ne tsakiyar bazara, injin girbi ya tayar da wuta a gonar alkamar Beryl Dunstan, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai bayan rafi. Iska na kaɗawa daga arewa, tana kora wutar zuwa gidan. Mota ta fita da mutum huɗu, aka bar Merv gaban rediyo.

"Bakwai, Bakwai, kuna ina?"

Ya tuna an sake lamba. Ya ja tsaki, ya gyara murya. "Talatin da Huɗu."

"Muna jin ka, Kawu. Mun kusa gadar katako."

Ambaliyar bara ta cinye ƙafar gadar nan, ƙaramar mota ce kawai ke iya haye ta. Sabuwar taswirar gunduma ba ta nuna haka ba.

"Sela, taka birki! Gadar nan ba za ta ɗauki mota cike da ruwa ba. Koma baya, ki yi hagu wajen busasshen itacen nan. Za ki ga koriyar ƙofa ɗaure da waya. Ki ratsa makiyayar har ki ci karo da shinge, ki sa a yanke shi."

"Shingenka ne fa, Kawu. Tumakinka za su watse."

"Na san nawa ne. Yanke!"

Daga kujerarsa ya bi da ita ƙofa-ƙofa, ya gaya mata inda ƙasa ke da taushi, da tafkin da za su ƙara ruwa. Rumbun ciyawa ya ƙone ƙurmus, amma gidan Beryl da dawakinta biyu sun tsira.

Da la'asar suka dawo baƙi ƙirin da hayaƙi. Sela ta zauna kusa da Merv, da kofin shayi a hannunta.

"Da na hau gadar nan, da mutum huɗu na kashe."

"Ba ki hau ba. Kuma kin juya motar a wurin da ni ma sai na yi gumi."

Ta shimfiɗa taswirar a tebur, ta tura masa biro. "Duk abin da ke cikin kan nan naka, ina son shi a takarda."

Kwana biyu ƙungiyar ta yi tana taya shi tattara tumaki. Daga nan kowace Lahadi su biyu ke fita zagaye, ita a sitiyari, shi a gefe yana nuna ƙofofi yana mitar yadda take sa giya. Kafin sanyi ya shigo, ƙauyuka uku sun aiko suna tambaya ko zai zo ya zauna da tsofaffin direbobinsu su yi irin wannan taswira.