Ƙofar Kabad a Gindin Jirgi

Ebiere ta iso bakin ruwan Nembe tana huci, ta tarar an jawo jirginta na fasinja kan taɓo, gindinsa a tsage. Ƙaninta Tonye ne ya yi aikin sauya masa inji. Ya ciro tsohon injin daga ciki, ya toshe ramin da injin ya bari, ya shafe da faiba, ƙaron da ake liƙe jirgi da shi, ya rataya sabon inji ta waje. Fitar farko, jirgin cike da mata 'yan kasuwa, gindin ya buɗe, sai da masunta suka tsamo su.

"Yaya, injin ne ya yi nauyi," in ji Tonye.

"Rufe min baki!"

Ta zura wuƙar kifi cikin tsagar, ta ɓanɓaro jiƙaƙƙen falanki mai shuɗin fenti. Nan take ta gane shi.

"Ƙofar kabad ɗin Mama! Katako mai kauri na ce ka sa, shi ne ka lulluɓe wannan don kar in gani?"

"Zan gyara, Yaya."

"Dole ka gyara. Ranar gwaji kuma, matarka da 'ya'yanka ne za su zauna kusa da injin."